Jos a Rumfar Zaɓe: Daga Akwatin Fartanya Zuwa Kujerar Jos ta Arewa

Jos gari ne da manyan jam'iyyun ƙasar nan suka sha ɗauko kayansu su zo su yanke shawarar da ta fi kowace girma. A nan ne jam'iyyar NPC ta zauna a 1954 ta ɗora Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, a kan shugabancinta. A nan ne aka yi taron AG na watan Fabrairun 1962, inda ɓarakar Awolowo da Akintola ta fito fili, ɓarakar da wutarta ta ci Jihar Yamma. A watan Maris na 1993 wakilan SDP suka tsayar da Mashood Abiola a Jos, bayan ya kara da Babagana Kingibe da Atiku Abubakar. A Fabrairun 1999 kuma PDP ta zo ta tsayar da Olusegun Obasanjo, ya kayar da Alex Ekwueme. Amma garin da ya yi wa ƙasa wannan hidima ya yi shekaru masu yawa ba a bar mutanensa sun zaɓi shugaban ƙaramar hukumarsu ba.

Kuza ce ta tara mutanen. Turawa suka buɗe ma'adinai a farkon ƙarni na 20, aka fara da Naraguta, sannan gari ya tashi wajen 1915. Hausawa suka zo haƙa da fatauci da dako, Ibo da Yarbawa da Urhobo suka biyo jirgin ƙasa, alhali Birom da Anaguta da Afizere suna zaune a ƙasar da duwatsunta tun kafin zuwan Bature. Da farko Turawa sun riƙa naɗa wa garin sarki Bahaushe. A 1947 suka juya suka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, daga baya ya zama sarkin Jos, sarautar da ake kira Gbong Gwom a yau. Kowane ɓangare ya riƙe nasa rabin wannan labari, kuma kowane rabi gaskiya ne. Ƙuri'a ta iso ta tarar da gardamar ta riga ta yi saiwa.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: masu biyan haraji su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu, har a kai ga lardi. Sai a 1959 namijin Arewa ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye a zaɓen tarayya. Mutum zai shiga rumfa shi kaɗai da takarda a hannu, ya tarar da akwatuna a jere, kowanne da alamarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG, wadda UMBC ta Joseph Tarka ke ƙawance da ita. Ba a garuruwa da yawa na Arewa ne dukkan waɗannan alamomi suke da masu su na gaske ba, amma a Jos kowace tana da jama'arta, a kasuwa ɗaya da layin famfo ɗaya. Mata kuwa ba a ba su dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Jos ta zama babban birnin Binuwai-Filato a 1967, sannan na Filato a 1976. A 1979 Solomon Lar na NPP ya ci gwamna, ya sake ci a 1983. Duk wannan lokaci ƙaramar hukumar Jos guda ce, gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi a haɗe.

A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba ta, aka sami Jos ta Arewa da Jos ta Kudu mai hedikwata a Bukuru. Layin da aka ja a taswira ya sa tsohon gari, wato Gangare da Ali Kazaure da Abba Na Shehu da Garba Daho da Sarkin Arab, ya zama mai nauyi a sabuwar Jos ta Arewa. Hausawan garin, da ke kiran kansu Jasawa, suka ga an share musu hawaye. Birom da Anaguta da Afizere suka ga an yanke musu gari an miƙa wa wasu ba tare da shawararsu ba. Sama'ila Muhammad ya ci zaɓen shugaban sabuwar ƙaramar hukumar. Da soja suka rushe zaɓaɓɓu, kantoman jiha Kanar Mohammed Mana ya naɗa Aminu Mato shugaban riƙo a 1994. Aka yi zanga-zangar ƙin naɗin, aka dakatar da shi, aka yi zanga-zangar ƙin dakatarwar, ranar 12 ga Afrilu aka zubar da jini.

Me ke cikin wannan kujera da har ake mutuwa a kanta? Ba kuɗin kwata da rumfunan kasuwa kaɗai ba ne. Ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar shaidar ɗan asali, kuma da wannan 'yar takarda ake neman gurbin jami'a, da tallafin karatu, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda. Yaron da aka haifi kakansa a Gangare, idan aka hana shi ita, sai a ce ya tafi Kano ko Katsina ya nema, garin da bai san ko ƙofar gida ɗaya ba a cikinsa. Shi ma yaron Anaguta yana ganin idan takardar ta zama ta kowa, ɗan abin da ya rage masa a ƙasar kakanninsa ya tafi. Don haka ranar zaɓe mutane ba tambayar wa zai gyara hanya suke amsawa ba. Tambayar da suke ji ita ce: Jos ta wace ce? A ganina an ɗora wa ƙuri'a kayan da ba nata ba.

Frank Tardy na PDP ya hau kujerar a 1999. A 2001 naɗin Mukhtar Muhammad a matsayin jami'in shirin rage talauci na Jos ta Arewa ya sake zafafa gari, kuma rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba ya ci rayuka kusan 1,000 a ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch. Kwamitocin binciken rikicin, na Mai shari'a Fiberesima da na Niki Tobi, sun tabbatar wa Birom da Anaguta da Afizere mallakar gari, Jasawa ba su yarda ba. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, sai aka tsallake Jos ta Arewa.

Sai ranar Alhamis 27 ga Nuwamba, 2008. Timothy Buba na PDP ya kara da Aminu Baba na ANPP. Mutane sun fito tun da sassafe, sun yi layi, sun jefa ƙuri'a lafiya, an ƙirga a rumfuna. Wurin tattara sakamako ne aka kai Kabong, wajen Gada Biyu, inda magoya bayan ANPP ba su saki jiki da shi ba. Matasan ɓangarorin biyu suka kwana a bakin wurin, kowa na gadin ƙuri'arsa, jita-jita tana yawo ta waya. Kafin gari ya waye ranar Juma'a abin ya kwance. Cikin kwana biyu aka rasa mutum aƙalla 700, aka ƙona masallatai da coci-coci da makarantu da kasuwanni. Hukumar zaɓen jiha, PLASIEC, ta bayyana cewa PDP ta ci yayin da gari ke ci da wuta. Tun daga nan unguwanni suka rabu, wanda ya tashi da maƙwabci Kirista ko Musulmi ya koma zama cikin nasa kaɗai. Shekara 13 aka yi ba a sake zaɓen shugaban Jos ta Arewa ba, har a 2018 an sake tsallake ta, sai a Oktoban 2021 aka yi zaɓe Shehu Bala Usman na APC ya hau.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kujerar Majalisar Wakilai ta Jos ta Arewa da Bassa. Mutanen nan ne dai ke zaɓenta, a rumfunan nan. Lumumba Adeh ya riƙe ta daga 1999. Sama'ila Muhammad ya riƙe ta, Suleiman Yahaya Kwande ya yi zango biyu, Haruna Maitala ya ci a 2019 ya rasu a haɗarin mota a 2021. A zaɓen cike gurbi na 2022 aka ba Musa Agah na PDP, kotu ta karɓe ta ba Muhammad Adam Alkali na PRP. Agah ya sake ci a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, aka sake zaɓe a Fabrairun 2024 Daniel Asama na jam'iyyar Leba ya ci. Musulmi ya hau, Kirista ya hau, an yi fushi, an je kotu, amma ba a taɓa ganin irin Nuwamban 2008 a kanta ba. Dalili a fili yake: ɗan majalisar tarayya ba ya sa hannu a takardar ɗan asali, kuma ba mai cinta sai ya nemi ƙuri'a a wajen danginsa, daga Dilimi har Jengre da Miyango.

Akwai garin da ya sha irin wannan a Turai. A Derry ta Ayilan ta Arewa, 'yan Katolika ne suka fi yawa, amma aka zana gundumomi uku yadda aka cusa mafi yawansu a guda mai kujera 8, sauran biyun suka ba ɗaya ɓangaren kujera 12. Majalisar gari ce ke raba gidaje da ayyuka. Zanga-zangar Oktoban 1968 ta buɗe ƙofar rikicin shekara 30. A 1973 aka dawo da tsarin da kowane ɓangare ke samun kujeru gwargwadon ƙuri'unsa, yarjejeniyar 1998 kuma ta wajabta raba mulki.

Jos ba ta buƙatar ta jira shekara 30. A riƙa yin zaɓen Jos ta Arewa a kan lokaci kamar na sauran ƙananan hukumomi 16, a sanar da wurin tattara sakamako tun da wuri kuma kada a sauya shi, a liƙa sakamakon kowace rumfa a gaban wakilai. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ta duba batun ɗan asali da mazauni, wanda tsarin mulkin 1999 ya bari a dunƙule, domin ita ce ke da ikon sauke wannan kaya daga kan shugaban ƙaramar hukuma.