Manoman Amurka da Yalwa ta Hana Barci

Tun da rikicin haraji tsakanin Amurka da Sin ya taɓa cinikin waken suya, manoman tsakiyar Amurka suka koma kukan da kakanninsu suka yi: rumbu cike, aljihu wayam. Masu sharhi kan ɗora laifin a kan shugaban da ke mulki, alhali ciwon ya girmi kowane shugaba. Shaidarsa na jibge cikin akwatuna a sashen adana takardun tarihi na Jami'ar Iowa State da ke garin Ames. A can aka ajiye takardun ɗan jarida Lauren Soth, da na ƙungiyar manoma ta National Farmers Organization, wadda aka fi sani da NFO.

Farkon gwagwarmayar ba ya buƙatar dogon bayani. An kafa ƙungiyar manoma ta Grange a 1867, manoma suka tsaya bayan jam'iyyar Populist a zaɓen 1892, kuma kukansu a lokacin kan kamfanonin jirgin ƙasa ne da bankuna. Abin ya ɗauki zafi ne a 1932, lokacin da masara ta faɗi warwas har wasu suna zuba ta a murhu maimakon kwal. Milo Reno ya jagoranci manoman Iowa suka ƙi kai kaya kasuwa, suka tare hanyoyin shiga Sioux City. Idan banki ya sa gonar wani a gwanjo, sai maƙwabta su cika wurin, su taya tarakta ko saniya a 'yan kwabbai, su zura wa duk baƙon da ya nemi ƙara farashi ido har ya yi shiru, sannan su mayar wa mai kaya kayansa. A Afrilun 1933, a garin Le Mars, manoma sun fizgo alƙali Charles Bradley daga kotu, suka kai shi bayan gari, suka sa masa igiya a wuya don ya rantse zai daina sa hannu a takardun ƙwace gonaki. Ya ƙi, daga baya suka ƙyale shi da ransa.

Soth ɗan Iowa ne, ya karanta aikin jarida da tattalin arziki a Jami'ar Iowa State, ya kuma daɗe yana riƙe da shafin sharhi na jaridar Des Moines Register. Duniya ta san shi ne saboda sharhinsa na Fabrairun 1955. Jagoran Rashawa na lokacin, Nikita Khrushchev, ya yabi yadda Amurkawa ke kiwo da masara, sai Soth ya gayyaci Rashawa su zo Iowa su gani da idonsu. Tawagar ta zo a wannan shekarar, Soth ya samu kyautar Pulitzer a 1956, Khrushchev da kansa ya taka gonar wani manomin Iowa, Roswell Garst, a 1959. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa ya danne aikin da ya fi muhimmanci, wato bayaninsa kan abin da ke talauta manomi, wanda ya shimfiɗa a littafinsa Farm Trouble na 1957.

A shekarar da baƙin Rasha ke mamakin yalwar Iowa, a 1955 ɗin, farashin dabbobi ya karye, manoma suka taru a garin Corning suka kafa NFO. Oren Lee Staley ya zama shugabanta. Hujjarsu ita ce masu saye 'yan kaɗan ne, manyan mahauta da kamfanonin madara, su ke yanka farashi yadda suka ga dama. Maganin a ganinsu shi ne manoma su haɗa kai kamar ƙungiyar ƙwadago, su riƙe kaya sai an biya su da daraja. Sun gwada, kuma ba da wasa ba. A 1964 motar ɗaukar dabbobi ta take 'yan ƙungiyar biyu a Bonduel ta jihar Wisconsin. A Maris na 1967 sun yi ta buɗe tankuna suna tuttular da madara a gonaki a jihohi da dama, har gwamnatin tarayya ta garzaya kotu.

Ni dai bayanin Soth ya fi gamsar da ni. Irin masara na zamani, takin zamani da tarakta sun sa amfanin gona yana ƙaruwa fiye da yadda cikin masu ci ke ƙaruwa. Mutum ba ya ninka abincinsa don ya yi arha, saboda haka rarar da ba ta taka kara ta karya ba sai ta rusa farashi. Manomin masara a Saminaka ya san wannan a kowace kaka mai albarka. Ba a wanke dillalai da bankuna ba, suna da nasu rabon laifin, amma da su kaɗai ne matsalar, da yajin sayarwa ya ci nasara. Abin da ya riƙa faruwa shi ne farashi ya ɗan ɗaga, wanda ba ya cikin ƙungiya ya lallaɓa ya sayar, saniya ta ci gaba da kawo madara kullum, sa ya ci gaba da cin dusa. Ranar da aka janye yajin, kayan da aka tara su kwararo kasuwa gaba ɗaya.

Inda nake ganin 'yan NFO sun fi masana hangen nesa shi ne a kan wanda zai ɗauki asarar. Cewa hannaye sun yi wa noma yawa, kamar yadda masana ke faɗa, magana ce mai sauƙi a ofis, amma a ƙauye ma'anarta a rufe makaranta, a kulle shago, iyali su tattara su nufi birni. Wata sabuwar ƙungiya, American Agriculture Movement, ta cika birnin Washington da taraktoci a Fabrairun 1979, bashi ya cinye dubban gonaki a shekarun 1980, kuma gonakin Amurka da suka kai kusan miliyan 6.8 a 1935 sun dawo wajen miliyan 2 a yau.