Kogin Kaduna: Yadda ƙasa da tsirrai da ruwa ke musayar sinadarai

Alayyafon da ake nomawa a gaɓar Kogin Kaduna, a wurare kamar Rafin Guza da Malali da Unguwar Rimi, yana gina jikinsa ne da abubuwan da ya aro: kabon daga iska, naitirojin da fosforas da fotasiyam daga ƙasa, sai ruwan kogi da ke ɗauko masa su zuwa saiwa. Idan aka ci shi, ko ya ruɓe, ko aka ƙone shi, waɗannan sinadarai ba sa ɓacewa. Wuri kawai suke sauyawa.

Wannan kai-da-komo shi masana kimiyyar muhalli ke kira zagayen sinadarai. A arewacin birnin Kaduna, inda gonaki da unguwanni da kogi ke maƙwabtaka da juna, ana iya ganin kusan dukkan matakansa a cikin tafiyar 'yan kilomitoci, ana kuma iya ganin inda ya yanke.

Daga iska zuwa ganye

Tsiro yana shaƙar iskar kabon dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganyensa. Da taimakon hasken rana yake haɗa ta da ruwa ya samar da sukari, ya saki iskar oksijin. Daga wannan sukari ne ake gina kara da saiwa da itace da hatsi. Idan aka busar da tsiro sarai, kusan rabin nauyinsa kabon ne.

Wani kaso na kabon ɗin yana komawa iska ta numfashin tsiron da na dabbobin da suka ci shi. Sauran yana shiga ƙasa ta hanyar matattun saiwoyi da busassun ganye da kashin dabbobi, inda gara da tana da naman gwari da ƙwayoyin bakteriya ke narkar da shi. Abin da ya rage bayan aikinsu shi ne baƙin ruɓin da ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe danshi, ta kuma riƙe abincin shuka.

Ajiyar ba ƙarama ba ce. An ƙiyasta cewa mita ɗaya ta saman ƙasar duniya tana ɗauke da kimanin tan biliyan 1,500 na irin wannan kabon, abin da ya kusa ninka wanda ke cikin sararin samaniya. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na birnin Paris a shekara ta 2015 Faransa ta gabatar da shirin ƙara kabon ɗin ƙasa da kashi 4 cikin 1,000 a kowace shekara. Iskar kabon dayoksaid da ke sama kuwa ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a shekara ta 2024.

Ƙasar da ba ta iya ajiya

Yankin Kaduna yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Daji ne na doka da ɗorawa da kaɗanya da dogayen ciyayi. Wanda ya ga korensa a watan Agusta zai ɗauka ƙasar na da ƙarfi ƙwarai, amma ba haka abin yake ba.

Jar ƙasar tudu ta wannan yanki tsohuwa ce, ruwan sama ya daɗe yana wanke ta. Yumɓun da ke cikinta irin wanda ba ya iya riƙe sinadarai da yawa ne. Ƙarfen da ya ba ta launin ja kuma yana damƙe fosforas ya hana saiwa samunsa. A galibin gonakin tudu, kabon ɗin da ke cikin ƙasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda zafi da danshin damina na sa ƙwayoyin halitta su cinye ruɓi cikin hanzari.

Ma'anar wannan ita ce, ƙarfin irin wannan ƙasa ya dogara ne a kan abin da ake mayar mata kowace shekara. Ba rumbu ba ce da za a yi ta ɗiba, ta fi kama da tukunyar da sai an zuba ake kwashewa. Manoman da can sun san haka, shi ya sa suke barin gona ta huta ta zama saura, suke kuma gayyatar Fulani su kafa ruga a gona bayan kaka, shanu su ci kara su bar kashi.

Naitirojin da ruwan farko

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma masara da dawa ba sa iya amfani da shi a yadda yake. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa da waken soya sun sarrafa shi tukuna. Nan ne hikimar haɗa dawa da wake a kunya ɗaya take. Masana'antu ma aikin da suke yi ke nan, ta hanyar da Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka samar a farkon ƙarni na 20, wadda da ita ake yin takin yuriya mai kashi 46 cikin 100 na naitirojin.

Akwai wani abin lura game da ruwan farko. A tsawon rani ƙasa takan bushe, ƙwayoyin halittar cikinta da dama su mutu, sauran su kwanta. Da zarar ruwa ya sauka sai su farka, su cinye gawarwakin 'yan uwansu, su saki naitirojin mai yawa a cikin 'yan kwanaki, tare da iskar kabon dayoksaid. Wani masani mai suna Birch, wanda ya yi aiki a gabashin Afirka, shi ya bayyana wannan a shekara ta 1958. Manomin da ya yi shuka da wuri yakan ci moriyar wannan kyauta. Wanda ya makara kuwa, ruwan da ya biyo baya ya riga ya wanke ta zuwa ƙarƙashin ƙasa ko zuwa rafi, domin naitirojin a wannan siffa ba ya manne wa ƙasa. Dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a binne yuriya, a kuma raba ta kashi biyu, ke nan.

Ƙona gona shi ne akasin wannan. Wuta tana mayar da kabon da galibin naitirojin ɗin kara zuwa iska nan take. Tokar da ta rage tana da fotasiyam da kalsiyam, shi ya sa shuka kan yi kyau a gurbin ƙuna a shekarar farko, amma ruɓin da zai riƙe ƙasar ya tafi.

Kyautar hunturu

Hazon da ke rufe Kaduna daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, har wani lokaci ya hana jirage sauka, shi ma taki ne. Mafi yawan ƙurar tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a zamanin da ƙasan babban tafki ne. Tana ɗauke da kalsiyam da fotasiyam da ɗan fosforas, tana kuma sauka a kan gonaki kowace shekara ba da kuɗin kowa ba. Wani binciken hukumar sararin samaniya ta Amurka da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara na kai kimanin tan 22,000 na fosforas zuwa dajin Amazon a kowace shekara, bayan ta tsallake tekun Atilantika. Idan har Brazil na samun rabo, ba sai an faɗi na ƙasar Hausa ba.

Kogi da fadama

Kogin Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 550, ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya raba birnin gida biyu, ya bi ta Shiroro da Zungeru, kana ya faɗa Kogin Neja daura da Pategi. Launin ƙasa-ƙasa da yake yi da damina ƙasar gonaki ce da ruwa ya zaizayo, tare da ruɓi da takin da ke jikinta.

Idan kogin ya cika ya bazu a fadama, gudunsa yakan ragu, laka ta kwanta. Abin da gonakin tudu suka yi asara shi ne ribar masu lambu a gaɓar kogi, waɗanda ke noman latas da kabeji da tumatir da karas da rake idan ruwa ya janye. Da rani kuma madatsar ruwa ta Kangimi, wadda aka gina a shekarun 1970 a gabas da birnin, ita ke ƙara wa kogin ruwa domin matatar ruwan sha ta Malali ta samu abin ja.

Ambaliya, ashe, tsohon aikin kogi ne. Ta zama bala'i ne bayan da gidaje suka maye gurbin fadama. Mazauna Kigo Road da Rafin Guza da sassan Unguwar Rimi da Kabala sun ga haka a 2003 da kuma 2012. Fadamar da aka shafe da siminti ba ta shan ruwa, ba ta kuma karɓar laka.

Inda zagayen ya yanke

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin bai wuce barikin soja da ofisoshi da tashar jirgin ƙasa ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai ta haura mutum 350,000. Kowace safiya motoci na shigo da hatsi da doya da dabbobi da gawayi zuwa kasuwar Kawo da ta Sheikh Abubakar Gumi da sauransu. Duk buhun masara da ya shigo, naitirojin da fosforas ne suka baro wata gona a Igabi ko Giwa ko Soba. Kaɗan ne daga ciki ke komawa.

Sauran yana ƙarewa ne a bola da masai da kwata, ruwan sama ya kwashe zuwa kogi. A cikin ruwa kuwa taki ba alheri ba ne. Yana sa gansakuka da kainuwa su yi yawa, idan suka mutu suna ruɓewa su cinye oksijin ɗin da kifi ke buƙata. Inda oksijin ya ƙare, kamar ƙasan kududdufi ko tsakiyar tarin shara, ruɓin yana fitar da iskar mitan, wadda ta fi kabon dayoksaid dumama duniya nesa ba kusa ba. Masu lambun da ke ban-ruwa da ruwan kwata suna samun taki kyauta, amma tare da ƙwayoyin cuta da dalmar tsofaffin batura.

Kano ta daɗe da sanin maganin wannan. Shekaru aru-aru jakuna na shigar da itace da hatsi cikin birni, su fito da mangalar taki zuwa gonakin kewaye, abin da ya sa aka iya noma su kowace shekara ba hutu. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu mai yawa a kan wannan tsari tun shekarun 1960. Har yanzu ana sayen shara a zuba a gona, sai dai sharar yau cike take da leda da kwalba, kuma rarrabe ta shi ne aikin da ba a ɗauka da muhimmanci ba.

Ta fuskar itatuwa, gandun dajin Afaka da ke arewa maso yammacin birnin, bayan Mando, an keɓe shi ne a 1954, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 12,000. An dasa itatuwan turare da yawa a cikinsa. Sare itace domin girki da gawayi, da faɗaɗar gonaki da gidaje, sun ci wani babban sashe nasa. Itacen da ya shekara talatin yana tara kabon, murhu kan mayar da shi iska a cikin mako guda, ƙasar da aka tone kuma ta ci gaba da fitar da nata na tsawon shekaru. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar manoma sun bi wata hanyar, wadda suke kira sassaben zamani: barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a cikin gona. Daga shekarun 1980 zuwa yanzu an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta haka.

Takin zamani ko na gargajiya?

A taron ƙolin Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, alƙawarin da galibin ƙasashen ba su cika ba. Takin zamani na da muhimmanci, domin babu isasshen kashin shanu da zai mayar wa gonaki duk abin da birane ke ɗauka. Amma buhun NPK ba ya ɗauke da ruɓi ko kaɗan.

Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga Samaru ta Zariya, kimanin kilomita 80 arewa da Kaduna, inda tun 1950 aka ware wasu filayen gwaji a cibiyar binciken aikin gona. Wasu ana zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba a zuba musu komai. Bayan gomman shekaru, filayen da ake nomawa ba taki sun yi asarar kabon da naitirojin idan aka kwatanta da dajin da ba a taɓa ba. Waɗanda suka sha takin naitirojin zalla ƙasarsu ta yi tsami. Waɗanda aka haɗa musu kashin shanu da takin zamani su ne suka fi riƙe ƙarfinsu.