Yadda ake ƙiyasta ainihin kuɗin da abokiyar hamayya ke kashewa kan soja

Kasafin tsaron da ƙasa ke bayyanawa ba lallai ne ya ƙunshi duk abin da take kashewa ba. Gwamnati na iya sanya binciken makamai a kasafin kimiyya, ta kai fanshon sojoji wata ma'aikata. Shi ya sa masu nazari ke yin nasu lissafin.

Fitaccen misali shi ne Tarayyar Sobiyet, wadda ta daɗe tana cewa kasafin tsaronta kimanin rubul biliyan 20 ne. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ba ta amince ba. Sai ta riƙa ƙirga dakaru, tankokin yaƙi, jirage da makamai masu linzami, galibi ta hotunan tauraron ɗan'adam, tana sanya wa kowanne farashi, sannan ta tara jimilla. A 1989 Mikhail Gorbachev ya bayyana cewa adadin rubul biliyan 77.3 ne.

Raunin wannan hanya yana wajen farashi. A 1976 CIA ta ɗaga ƙiyasinta daga kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na tattalin arzikin Sobiyet, ta mayar da shi kashi 11 zuwa 13. Makaman ba su ƙaru ba. An dai gano sun fi tsada. Haka nan canjin kuɗi kan ruɗar da lissafi, domin albashin soja a Sin ba ɗaya yake da na Amurka ba.

Hanya ta biyu ita ce bin kasafi da alƙaluman masana'antu, a ware abin da aka yi wa bayani, a binciki ragowar. Cibiyar SIPRI da ke Suwidin, wadda aka kafa a 1966, na ƙara wa adadin da Sin ke bayyanawa abubuwan da aka bari a waje.

A Najeriya ma akwai kuɗin tsaron da ba ya cikin kasafin soja. Gwamnoni kan tallafa wa jami'an da aka girke a yankuna irin su Kudancin Kaduna daga asusun tsaro na musamman, wanda ba a cika bin diddiginsa ba. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta irin wannan kuɗi da dala miliyan 670 a shekara.

Kuskure a wannan lissafi na da tsada: zuzuta ƙarfin abokin gaba kan jawo gasar makamai da ke cinye kuɗin makarantu da asibitoci, raina shi kuma kan bar ƙasa ba shiri.