Hanta Da Huhu Maƙwabta Ne

Kawuna masunci ne a ƙasar Ngaski. Yana cikin mutane fiye da 40,000 da aka tasa lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungaye da gonaki. A sabon zaman nan ya koyi sigari. Dama tun 1959 ana yin ta a Zariya, ga araha, ga sanyin dare a kan kwalekwale.

Da girma ya zo, sai tari da haki. Muka ce hayaƙin bandar kifi ne. Can ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, muka ce shawara ce, wasu ma suka ce sammu. Sai a asibiti likita ya ce ciwon hanta ne, nau'in B, ya daɗe yana cinsa a ɓoye.

Ita wannan ƙwayar cuta, wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarta a jini a 1965. Nau'in C kuwa sai 1989. Ana ɗaukar B wurin haihuwa, ko ta jini: askar wanzami guda a kan mutum goma, da ƙaho, da allurar da ba a dafa ba.

To, ina ruwan huhu da hanta? Idan hanta ta ƙandare, ruwa kan taru a ciki ya tokare ƙirji. Wani sa'in jijiyoyin jinin huhu su saki, jini ya wuce bai ɗebi isasshiyar iska ba. Huhun da taba ta riga ta ƙona, ina zai iya wannan kaya? Ita ma hantar, gubar taba na ƙara mata haɗarin ciwon daji.

Gwamnati ta hana shan taba a wuraren jama'a a 1990, ta sake doka a 2015. Rigakafin B ya shiga allurar jarirai a Nijeriya a 2004. Kawu bai riski wannan ba, Allah ya jiƙansa.

Mu da muka riska fa? Daga Yawuri har Shanga, a kai jariri allura ranar haihuwa, babba ya yi gwajin jini, mai karan sigari ya yar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu dace, amin.