Daga Dutsen Niƙa Zuwa Inji: Tarihin Aikin Mata a Ƙasar Dandume

Mai karatu, ƙarar injin niƙa da ka saba ji a unguwa baƙon abu ne a tarihin Dandume. A zamanin kakanni, tun kafin assalatu mace take durƙusawa gaban dutsen niƙa. Kafin tuwo ya shiga akushi sai an yi sussuka da shiƙa da surfe, an niƙa, an tankaɗe, duk da ƙarfin damtsenta.

Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954, ta bayyana rayuwar rinji, inda bayi maza da mata suke noma. Da aka kawar da bauta a farkon ƙarni na 20, mata da yawa suka bar gona, kulle ya bazu a karkara. Barin gonar bai zama hutu ba, domin daka da girki da raino da kaɗin auduga suna nan suna jiransu.

Babban sauyi ya zo a 1975, lokacin da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya. Takin zamani da ingantaccen iri suka wadata, masara ta mamaye gonaki, kasuwar Dandume ta yi suna a cinikin hatsi. Masara ta fi gero da dawa tauri a dutse, kuma yaɗuwar injin niƙa ce ta sauƙaƙa shigarta tukunyar kullum. Daga baya rijiyoyin burtsatse suka rage tafiyar neman ruwa a wasu garuruwa. Ka lura, a duk lokacin da mata suka samu sauƙi, an kashe kuɗi ne aka ɗauke wani aiki daga jikinsu.

Da sauran nauyi. Hayaƙin itace yana lalata huhu da idanu; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Yawan sunkuyo wajen wanki da shara yana jawo ciwon baya, ɗaukar kaya masu nauyi bayan haihuwa kuma yana iya taimakawa ga zazzagowar mahaifa. Iyayenmu sun gane haka, shi ya sa suke hutar da mai jego har ta yi arba'in.

Saboda haka, maigida, idan kaka ta yi ka kai buhunanka kasuwa, ka ware kuɗin niƙa da surfe da na mai ga-ruwa kafin komai. Ka buɗe wa madafa taga, ka sayi murhu mai cin itace kaɗan, ko na gas idan da hali. Ka ɗora wa samarin gida faskare da ɗiban ruwa, kada komai ya ƙare a kan 'yan mata har su rasa makaranta.

Ke kuma uwargida, faɗin gajiya ba raki ba ne. Idan tari ya wuce mako biyu, ko ciwon baya ya ƙi tafiya, ko kina jin nauyi yana saukowa a ƙasan mara, ki je asibiti. Ki kuma raba aiki tun jiki bai gaza ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.