Tarihin Kason Gurabe a Ƙasar Indiya

Tun zamani mai nisa mabiya addinin Hindu suka kasa al'ummarsu ɗabaƙa-ɗabaƙa bisa nasaba, ta yadda ɗan majemi ba shi da makoma sai jima, ɗan mai shara kuwa sai tsintsiya. Can ƙasan kowa kuma akwai waɗanda aka hukunta cewa taɓa su najasa ne, su ne ake kira Dalit a yau. Daga cikinsu Ambedkar ya fito, wanda yana yaro a kan buhu yake zama a makaranta, nesa da sauran ɗalibai, in ƙishirwa ta kama shi kuwa sai masinja ya tsiyayo masa ruwa daga sama don kada ya taɓa moɗa. Ranar da masinja bai zo ba, haka zai wuni.

Zaluncin da ake gada ta hanyar haihuwa ba ya gyaruwa da wa'azi kaɗai, shi ya sa a 1902 Sarki Shahu na Kolhapur ya keɓe rabin muƙaman masarautarsa ga ɗabaƙun da aka bari a baya. A 1932, bayan Gandhi ya ƙaurace wa abinci a kurkuku, shi da Ambedkar suka yi sulhu a Puna bisa keɓe wa Dalit kujeru 148 a majalisun larduna. Da tsarin mulki ya fara aiki a 1950, wanda Ambedkar ne shugaban kwamitin tsara shi, sai aka haramta ƙyamar taɓawa, daga bisani kason Dalit a makarantu da ayyukan gwamnatin tarayya ya tsaya a kashi 15 cikin 100.

Fitina mafi girma ta tashi a 1990, sa'ad da Firayim Minista Singh ya zartar da shawarar hukumar Mandal ta ba sauran raunanan ɗabaƙu kashi 27 cikin 100 na ayyukan gwamnatin tarayya, har wasu ɗalibai suka cinna wa kansu wuta. A 1992 Kotun Ƙoli ta tabbatar da kason, amma ta sharɗanta kada jimla ta wuce rabi, kuma a fitar da mawadatan waɗannan ɗabaƙu.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ruhin al'amarin, domin maƙasudin kaso shi ne ya isa ga ɗan mai sharar ƙauye, kuma muddin gidajen da suka riga suka haye ne ke cinye shi, to, ba a sauke amanar ba tukuna.