Daga Gayya Zuwa Bautar Ƙasa: Haɗin Guiwar Matasa a Ƙasar Bagudo

Wannan maƙala za ta ɗan waiwayi yadda samari masu addini daban-daban suka riƙa haɗuwa a kan aikin jama'a a ƙasar Bagudo, watau yankin nan na Jihar Kabi da ya yi iyaka da Jamhuriyar Benin.

Tun asali wannan ƙasa ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Garin Illo tsohuwar masarauta ce ta ƙasar Bargu, kuma a kewayensa akwai Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa. Musulunci bai game su a lokaci guda ba, domin wasu sun daɗe suna riƙe da addinin gargajiya. Duk da haka noman fadama da gyaran hanya ba su jiran a gama shawara kan addini. Gayya ce ke tara matasa: mai gona ya yi gayyata, ya dafa abinci, makaɗa su zuga, a yi aiki a watse. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta raba dangi tsakanin Nijeriya da Dahome, amma zumunci da kasuwa sun ci gaba da ƙetare layin.

Sabon salo ya shigo ne a 1973, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa, shekara uku bayan yaƙin basasa. Manufarsa ita ce a tura wanda ya gama jami'a wata jiha wadda ba tasa ba, ya yi shekara guda. Ta haka ne samari da 'yan mata Kiristoci daga Kudu suka riƙa samun kansu a makarantu da asibitocin ƙauyukan Arewa maso Yamma, kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu Musulmi. Bayan ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, sansanin horonsu ya zauna a Dakingari, wanda ba shi da nisa da Bagudo. Har ila yau an ware musu rana guda a mako don aikin raya karkara, kamar tsaftace gari da wayar da kai kan rigakafi.

To sai dai, a ganina, kuskure ne a kira wannan gayya kai tsaye. Da farko doka ce ta kawo ɗan bautar ƙasa. Na biyu, gayya bashi ce: wanda aka yi wa noma bana zai rama baɗi, alhali baƙon nan kafin baɗi ya koma gida. Abin da ya riƙe shirin shi ne amanar da iyaye suka ba garin da ba su taɓa gani ba. Wannan amana ta girgiza a 2011, sa'ad da aka kashe 'yan bautar ƙasa goma a Jihar Bauci cikin rikicin bayan zaɓe, kuma tun daga nan neman canjin jiha ya yawaita ga waɗanda aka turo Arewa.